Dawakai Goma Sha Takwas da Babu Su a Motar Kader

Kafin in fara, ya wajaba in faɗi inda na samo abin da zan rubuta, domin wanda aka ɗaure saboda ƙaryar alƙaluma bai cancanci a karɓi maganarsa haka kawai ba. Abubuwa uku na dogara da su. Na farko takardar hukuncin kotu, wadda take gabana yanzu. Na biyu wani ƙaramin littafi mai baƙin bango da nake rubuta sakamakon awo a ciki lokacin da nake aikin garaj. 'Yan sanda sun karɓe shi, kwafinsa aka maido mini, kuma shafuka huɗu ba su fito sosai ba. Na uku abin da nake iya tunawa, shi ne kuma mafi rauni. Al'amarin ya faru tsakanin ƙarshen shekarun 2000 da farkon na 2010, a Lyon da kewayen Paris. Na sauya sunayen mutane, ban kuma ambaci garajin ko kamfanin asiransi, wato inshora, ba. Maganganun da na sa a bakin mutane ma'anarsu na riƙe, ba kalma da kalma ba, wasu ma da Faransanci aka yi su. Ban san adadin motocin da na yi wa ƙarya ba. Kotu ta tsaya kan waɗanda masu su suka kai ƙara, littafina ya nuna fiye da haka, ni kuma ina zargin littafin kansa bai cika ba. Mota ɗaya ce dai ta sa nake wannan rubutu, ta wani saurayi da zan kira Kader, wanda yau ba ya takawa da ƙafafunsa.

A Damagaram aka haife ni, a can na yi karatu har na sami bak, shaidar gama sakandare. Abokan ajina Malam Birgil suke kirana, wato Malam Waƙafi da Faransanci, saboda nakan tsaya gardama da malami kan lambar da ke bayan waƙafi. Ban taɓa satar amsa ba. Ina faɗin haka ba don yabon kai ba, sai don ƙannena masu karanta wannan su san cewa ba sai lalatacce ke shiga kaso ba. Na zo Lyon na karanci ilimin awo, wato yadda ake auna abu a kuma san iyakar kuskuren da ke cikin awon. Da na gama, doka ta bukaci in sami aikin da ya dace da karatuna kafin a sauya mini takardar zama. Na aika takardun neman aiki har na daina lissafa su.

Wani dattijo ɗan Tahoua, Malam Haruna, wanda muke haɗuwa da shi a masallacin Juma'a, shi ya cece ni. Makanike ne a wani garaji a Rillieux-la-Pape, inda ake gyara motocin gudu ana kuma ƙara musu kayan da aka ce suna ƙara ƙarfi. Mai garajin, wanda zan kira Patron kamar yadda kowa ke kiransa, ya sayi wata na'urar gwaji ta hannu, babu wanda ya iya sarrafa ta. Malam Haruna ya kai ni gabansa ya ce, “Ga ɗana. In ya ce maka biyu, biyu ce.” A ranar aka ɗauke ni.

Dole in bayyana na'urar, in ba haka ba laifina ba zai fahimtu ba. Rulo muke kiranta: manyan ganguna ne na ƙarfe a cikin daɓe, a ɗora tayoyin mota a kansu, a ɗaure motar, a ba ta wuta har ƙarshe tana nan tsaye. Ordinateri, wato kwamfuta, ya auna ƙarfin injin da dawakai, ya buga takarda mai zanen layi yana hawa. Sai dai inji ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya kullum. In iska ta yi zafi, ƙarfinsa yakan ragu. Saboda haka na'urar tana da wani ɗan sanda na ƙarfe, kamar tsinken tsire, mai auna zafin iskar ɗakin. In ya ce mata akwai zafi, sai ta yi wa motar ƙari a lissafi don ta rama mata abin da zafin ya rage. Wannan ƙa'ida ce ta gaskiya, a makaranta na koye ta. Amma in ɗakin da sanyi, sandan kuma ya ce da zafi, na'urar za ta ba motar dawakan da ba ta da su.

Ban nemi wannan dabara ba, ita ta same ni. Wata rana cikin hunturu, bayan la'asar, Malam Haruna ya ɗora shayinsa a kan ɗan murhun lantarki da ke kan kanta, kamar yadda yake yi kullum: na farko mai ɗaci, na biyu, na uku, ba ya tsallake ko ɗaya ko da motoci sun yi layi. Wani ya ɗauke wayar sandan daga ƙasa don kada a taka ta, ya jefa ta kan kantar. Motar da ke kan rulo ba mu sauya mata komai ba sai matatar iska da bututun hayaƙi. Takarda ta fito da ƙarin dawakai goma sha tara. Na san ba zai yiwu ba. Na bi waya har na iske sandan a jingine da butar shayi.

Na ja Patron gefe na gaya masa. Ya yi dariya har da dafa bango, sannan ya nuna mini mai motar, wanda ya riga ya ɗauki takardar yana ɗaukar ta hoto. “Ka ga fuskarsa? Je ka ƙwace. Ka ce masa shayi ne.”

Ban je ba. Na buɗe littafina na rubuta lambar gaskiya, ƙarin dawakai biyu, na rubuta ta takarda a gefenta. Haka na ci gaba da yi har ƙarshe, layi biyu ga kowace mota. Ina ganin tun da gaskiya tana rubuce a wani wuri, ni ban zama maƙaryaci ba tukuna.

Bayan 'yan makonni, ban tabbata biyu ne ko uku ba, Patron ya ce ƙananan rubutun da ke ƙasan takarda suna rikita masu motoci, in cire su. A cikin rubutun nan ne zafin iska yake fitowa. Minti goma ya ɗauke ni. Daga nan tsarin ya kafu: awon farko da sanda a inda ya kamata, awon bayan gyara da sanda a wuri mai zafi. Malam Haruna ya lura. Bai yi hayaniya ba, ya dai ɗauke murhunsa ya mai da shi can ƙarshen garaji kusa da ƙofa, inda sanyi ya fi shigowa.

“Ba da butata ba,” ya ce. “Ni na kawo ka nan. In an tambaye ni, mi zan ce?”

Na ce masa da zarar takardar zamana ta fito zan bar wurin. Na sayi ɗan ƙaramin abin ɗumama ɗaki na ɓoye shi bayan kwalin mai. Takardar zama ta fito, ban bari ba.

Sannan akwatunan suka zo. Patron ya yi odarsu ta intanet, baƙaƙen 'yan akwatuna da ba su fi na ashana girma ba, muka manna musu sunan garaji. Ana haɗa su ne da fedar ba da wuta. Ba sa taɓa inji ko kaɗan. Aikinsu ɗaya: in ka danna feda rabi, su gaya wa injin ka danna ta duka. Motar sai ta riƙa zabura da ɗan taɓawa, direba ya ji kamar an sauya masa inji. Abin da ba zai sani ba shi ne ya riga ya ci duk abin da ke cikin tukunya. In ya ƙara danna sauran rabin, babu komai a ƙarƙashin ƙafarsa. Akwai masu sayar da irinsu da gaskiya, su ce maka feda kawai suke gyarawa. Mu mun sayar da su a matsayin ƙarin dawakai, da takardata a matsayin shaida.

Takardun suka bazu a zaurukan intanet na masu motocin gudu. Ba kowa ya yarda ba. Akwai wani da ya yi ta tambaya me ya sa takardunmu ba su nuna zafin iska, wani kuma ya ce ya gwada motarsa a wani garajin bai ga ko doki ɗaya ba. Ni na amsa musu, da sunan ƙarya. Na cika su da lissafi da manyan kalmomi, na nuna musu cewa kowace na'ura da nata kuskuren, wanda gaskiya ne, na sa mai gaskiya ya zama abin dariya. Duk cikin abin da na aikata kafin zuwan Kader, wannan ya fi ba ni kunya, domin a nan ne na yi amfani da karatuna tsantsa.

Kader ya zo wata Asabar da hantsi, a cikin wata jar mota ƙarama mai ƙofa biyu, ta hannu amma tana sheƙi. A Sevran aka haife shi, iyayensa 'yan Maradi, yana tuƙa injin ɗaga kaya a kasuwar Rungis. Tare da yayarsa ya zo, Hadiza, wadda ke aiki a ɗakin gwajin jini na wani asibiti. Tun daga ƙofa ya ɗaga hannu.

“Kai ne injiniyan namu? Wallahi frère, a intanet na ji an ce akwai ɗan Nijar a nan, na ce to shi ke nan, ba Paris ba, Lyon za ni.”

Hausarsa a karye take, yana cike gurbi da Faransanci, amma ya dage sai da ita zai yi mini magana. Hadiza ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, ta tambayi mutanen gida da aiki da sanyi, sannan ta ɗauki akwatin daga kan tebur ta juya shi a hannu.

“A cikin wannan ne dawakan suke? Kader, ko jaki ba zai shiga nan ba.”

“Yaya, ke fa bas kike hawa. Ki bar masu ilimi su yi magana.”

Ta bar shi ya je yana kallon yadda ake ɗaure motarsa, ta matso kusa da ni ta rage murya. “Malam, tun daga Paris nake masa faɗa. Ya ce ɗan gida ba zai cuce shi ba. Ni ma awo nake yi a wurin aiki, na san na'ura takan faɗi abin da aka sa ta. Tsakaninka da Allah, abin nan yana aiki?”

Na tuna amsata sarai, domin na zaɓi kalmominta yadda babu ƙarya a cikin ko ɗaya. Na ce, “Ba ni ke rubuta takardar ba, na'ura ce. Abin da ta lissafa shi za ki gani.”

Littafina ya ce ɗari biyu da uku kafin akwati, ɗari biyu da uku bayansa. Takardar da na miƙa wa Kader ta ce ɗari biyu da ashirin da ɗaya. Ya fita ya zaga unguwa ya dawo yana buga sitiyari. “Ta zama wata dabba! Yaya, ko taɓawa ban yi ba ta tashi!” A nan ina da damar in gaya masa abu ɗaya, ko da ban tona kaina ba: kada ya dogara da sauran fedar. Jimla guda ce. Ban faɗa ba, don kada Hadiza ta tambayi dalili. Ya ninke takardar ya sa a aljihun gaban mota, ya ce duk ranar da na zo Paris in biyo Sevran, mahaifiyarsu tana yin dambun da babu irinsa a Faransa.

Labarin haɗarin daga bakin Malam Haruna na ji shi, kimanin wata biyu bayan haka. Da rana ne, a kan hanya mai layi biyu, Kader shi kaɗai yana tafiya bikin sunan ɗan abokinsa. Ya fito daga bayan kamiyo, babbar motar kaya, don ya wuce shi, wata mota ta taho daga gaba, bai gama wucewa ba, ya kauce ya daki bishiya. Babu wanda ya ji rauni sai shi. Ƙashin bayansa ya karye.

Na gaya wa kaina matasa suna haɗari kullum. Na ci gaba da aiki.

Sai ga Hadiza ta shigo garaji wata safiya, ta biyo jirgin ƙasa ita kaɗai. Wannan karon gaisuwar gajeriya ce. Ta ce an sami takardata a aljihun motar, kamfanin asiransi kuma ya kafe a kanta: an ƙara wa mota ƙarfi ba a sanar da su ba, don haka ba za su biya diyyar da ke cikin yarjejeniyar direba ba. Ni ba masanin shari'a ba ne, yadda na fahimta ke nan. Asibiti ya yi nasa ya sallame shi. Amma gidansu a hawa na shida yake, asanser ɗin benen, na'urar da ke hawa da mutane sama, kullum a lalace, diyyar nan kuwa da ita suke sa ran komawa gidan ƙasa da keken guragu zai iya shiga. Motar an riga an niƙe ta a wurin tarkace, har da akwatin. Babu abin da ya rage sai takardar.

“Na duba takardun wasu garajoji,” ta ce. “Duk suna da zafin iska a ƙasa. Taka babu. Ban zo faɗa ba, Malam. In dawakan nan babu su, ka faɗa. Ƙanena yana sama kamar tsuntsu a keji saboda su.”

Na fahimci matsayina nan take. In takardar gaskiya ce, Kader ya rasa diyya. In ƙarya ce, yana da hujja, ni kuma na yi zamba. Na ce mata zan duba tsofaffin bayanai in kira ta.

A raina na daɗe ina ɗaukar wata uku na yi shiru. Da na jera kwanakin littafina da na takardar kotu, sai na ga wata bakwai ne. Na sake lissafawa sau da yawa, bakwai ne. A cikinsu na gwada wasu motocin, na ci gaba da sa sanda a wuri mai zafi, don in na daina Patron zai tambaye ni. Ba na iya zama wuri ɗaya. Nakan sauka daga bas tun kafin tashata in ƙarasa da ƙafa, in isa ɗaki in sake fita. Hadiza ta kira sau biyar, ko shida, ban ɗauka ba. Wata Lahadi na hau jirgi zuwa Paris, na shiga jirgin RER B har Sevran, da littafin a aljihuna. Na tsaya a gaban benensu. Ina nan sai ga samari huɗu sun fito daga matakala suna haki, ɗauke da Kader a kan kujerar kicin, wani na biye da kekensa a naɗe. Ya rame. Yana yi musu barkwanci, yana cewa na hagu ya rage gudu, ba shi da farmin tuƙi. Na juya na koma tasha.

Ba na so a rubuta mini jarumtar da ban yi ba. Abin da ya kawo ƙarshen shirun Malam Haruna ne. Ya yanke shawarar ajiye aiki ya koma Tahoua. Ranar wata Litinin ya kira ni can bakin ƙofa, ya zuba mini shayi, karo na farko tun da ya ɗauke murhunsa.

“Ɗana, ni zan tafi gida, kuma ba ni tafiya da wanga kaya a kaina. Yarinyar nan ta kira ni tana kuka. Daga yau zuwa Juma'a, ko ka faɗi ko in faɗi. In kai ka faɗi, ka tuba. In ni na faɗi, an kama ka. Zaɓi.”

Ranar Alhamis na kai littafin wurin lauyan da ke kare iyalin Kader, washegari na kai kaina komisariyar 'yan sanda.

A kotu Patron ya ce shi makanike ne, bai san komai game da ordinateri ba, injiniya ya ɗauka don ya yarda da shi. Littafina ya ɗaure ni, domin ya nuna na san gaskiya a kowace rana. Saƙonninsa da ke wayata suka ɗaure shi. Alƙaliyar ta ɗaga littafin ta tambaye ni dalilin rubuta lambobin gaskiya. Na ce don kada in manta da su. Ta dube ni ta ce, “Kuma ba ka manta ba.” An yanke mini hukuncin zamba, wani sashe na zaman kaso, wani na jingine. Wata tara na yi a ciki.

Ba zan tsawaita kan kaso ba, wasu sun fi ni shan wahalarsa. Ƙara ce da ba ta yankewa, da ƙofa marar mariƙi daga ciki, da wasiƙar da na yi kwana goma ina rubuta wa mahaifina. Abu ɗaya zan ambata. Wani gandiroba ya ji dalilin ɗaure ni, ya zo ya ce shi ma yana da irin akwatin a motarsa, daga wani wuri ya saya. Na zana masa yadda yake aiki a bayan takardar kantin kaso. Ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai, sannan ya ce, “Naka dai na jabu ne. Nawa ina jin sa a jikina.” A ranar na gane cewa rabin aikin masu motocin ne suke yi mana da kansu.

Asiransi ya sasanta da iyalin Kader ina tsare. Sun koma gidan ƙasa kusan shekara biyu bayan haɗarin. Wata bakwai daga ciki nawa ne, babu mai raba ni da su.

Na fito, ina lodin kaya a wani sito a kewayen Paris, takardar zamana kuma tana hannun hukuma, ban san abin da za a yanke ba. Na nemi gafarar Allah, ina kan nema. Ga ƙannena masu son mota, ga abin da na sani. Duk wanda ya ce zai ƙara wa injinka ƙarfi, ka nemi takarda mai nuna zafin iska a awon farko da na biyu, ka kwatanta su da yanayin da kai kanka kake ji a ɗakin. Ka kai motar wani garajin da ba ya sayar maka da komai. Kada ka karɓi shaidar jikinka, domin jiki yana jin zabura da ƙara, ba ya jin dawakai. Ka sanar da asiransinka kafin a taɓa motar. Kuma don mutum yana jin Hausa, ba shi ne zai hana shi cutarka ba. Kader ya wuce garajoji da yawa kafin ya iso wurina. Ga waɗanda suka yi karatu kuwa, masu neman aikin farko da takardar zama a wuya, ku ji tsoron ranar da kuskure zai faranta wa kowa rai. Ranar ce za ku gyara shi da babbar murya, kafin mai shi ya fita ƙofa. Kuma ku ji tsoron jimlar da kuka tsara don kada a kama ku da ƙarya. Wadda na faɗa wa Hadiza har yau ba a kama ni da ita ba, ita ce kuma mafi muni da na taɓa furtawa.

Wata huɗu bayan fitowata na je Sevran, bayan na nemi izini ta waya. Mahaifiyarsu, Hajiya, ta amsa sallamata ta amsa gaisuwata ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara ko kalma ba. Hadiza ta tsaya a bakin ƙofar falo, hannuwa a harɗe, ba ta zauna ba har na tafi. Kader ya turo kekensa da kansa.

“Injiniya! Ka kawo mini dawakaina? Goma sha takwas nake bi.”

Na durƙusa na ce na zo neman gafara. Ya ce in tashi, ba ya son a riƙa yi masa magana daga ƙasa, ya saba kowa na sama da shi yanzu. Ya ce takardar ya yafe, shi ma da son banza. Matakalar ce bai gama yafewa ba, in ba shi lokaci. Na ce hakkinsa ne.

Sannan na gaya masa abin da ya hana ni sukuni. Na karanta rahoton jandarmomi, na ɗauki tsawon kamiyon da tazarar da suka auna na yi lissafi ta hanyoyi uku. Ko da dawakan nan na gaske ne, 'yan mitoci kaɗan za su ƙara masa, mai yiwuwa da ba su fitar da shi ba. Amma lissafin bai taɓa abin da nake son sani ba. Na tambaye shi ko ya tuna abin da ke ransa lokacin da ya karkata sitiyari ya fito daga bayan kamiyon.

Ya murza tayar kekensa gaba da baya. “Na tuna na sha mai. Na sayi sanwic, ban ci ba, na ajiye a kujera. Sai rufin asibiti.” Ya ɗaga kafaɗa. “Tun kafin in san ka ina wuce kamiyo, frère, tambayi Yaya. Amma bayan Lyon na fi yi, wannan ma gaskiya ne. Likita ya ce ba zai dawo ba, wancan mintin. Ni ma na so in sani.”

Hadiza ta ce daga bakin ƙofa, “Kai ne mai awo. Auna.”

Ba ni da abin auna shi. Kotu ba ta yi wannan tambaya ba, domin zamba aka tuhume ni da ita, ba haɗari ba. Kader ba zai tuna ba, motar kuma babu ita. Na rubuta duk abin da na iya tabbatarwa, wannan ne ya rage, kuma ban san amsarsa ba: da babu takardata a aljihun motar nan, da Kader ya fito daga bayan kamiyon, ko da ya jira?